Zaɓen Sunan Jariri da Tsoron Tsokanar Yara a Ƙasar Karaye da Rogo

Gabatarwa

Bahaushe ya ce suna linzami ne. Galibi idan an kawo wannan karin magana ana nufin cewa da suna ake juyo da mutum, ko kuma halin mai suna yakan bi sunansa. Amma akwai wata fuska da ba a cika dubawa ba, wato cewa linzami duk wanda ya kama shi ya sami abin ja. A wannan maƙala za a duba yadda yara ke kama sunan ɗan'uwansu su mai da shi abin tsokana, da yadda tsoron wannan tsokana ya shiga cikin shawarar iyaye a kwanaki bakwai da ke tsakanin haihuwa da ranar suna. An ɗauki misalai daga ƙasar Karaye da Rogo, a yammacin Jihar Kano, inda marubucin ya tashi.

Ƙananan hukumomin nan biyu su ne suka haɗu suka zama masarautar Karaye mai daraja ta biyu, bisa dokar da aka yi a watan Yulin 2024, bayan an rushe masarautun da aka ƙirƙiro a 2019. Ƙasa ce ta manoma, tana kan iyakar Kano da Zazzau da Katsina. Akwai Fulani, akwai tsofaffin gidajen malamai, akwai kuma unguwannin Maguzawa da na Hausawa Kirista. Saboda haka a aji ɗaya na makarantar firamare ana iya samun sunaye na zamani uku ko huɗu suna zaune a kan benci guda, abin da ba a cika samu a cikin birnin Kano ba.

Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, iyayen da ke cewa suna gudun kada a tsokani ɗansu, sau da yawa ba sautin sunan suke gudu ba. Wani abu ne daban, kuma gudun nasa yana cinye wani sashe na taskar harshen Hausa.

Yadda yara ke sarrafa suna

Duk wanda ya tsaya a filin makaranta lokacin tashin tara, ko a dandali da farin wata, zai tabbatar cewa yara masana ilimin sauti ne ba tare da sun shiga aji ba. Hanyar da suka fi bi ita ce sauya ƙwayar sauti guda ɗaya, musamman tsakanin baƙaƙen da ke da ƙugiya da takwarorinsu marasa ita. Dauda suna ne na Annabi, amma da an lanƙwasa /d/ ta biyu ta koma /ɗ/ sai ya zama dauɗa. Hudu shi ma sunan Annabi ne, amma ba a taɓa yin Hudun da ya gama firamare ba tare da an ƙirga masa ɗaya, biyu, uku, sannan a nuna shi ba. Haka Sabo yake komawa saɓo, Baraka ta koma ɓaraka, Tabawa ta koma taɓawa, daga nan kuma hanya ta buɗe zuwa taɓin hankali. Barau kuwa, wanda asalinsa roƙo ne cewa a bar yaron ya rayu, ba ya da nisa da ɓarawo a bakin yaro mai neman faɗa. A nan ya kamata a lura cewa rubutun boko na ofis, wanda ba ya sa ƙugiya, ya ƙara wa yara ƙarfin gwiwa, domin a allo Dauda da dauɗa kamanninsu ɗaya idan malami ya yi sakaci.

Hanya ta biyu ta fi wannan ban sha'awa ga mai nazarin harshe. Sananne ne cewa idan Hausa ta ɗauki suna gama-gari ta mai da shi sunan mutum, takan gajarta wasalin ƙarshe. Paul Newman ya yi bayanin wannan a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000. Wasalin ƙarshe na kalmar baƙo dogo ne, amma na Baƙo sunan mutum gajere ne. Haka abin yake tsakanin dogo da Dogo, sabo da Sabo, bawa da Bawa. Wato wannan ɗan gajarcin wasali shi ne katangar da ta raba mutum da ma'anar kalmar da aka ciro sunansa daga cikinta. To, mai tsokana ba abin da yake yi illa ya rushe katangar. Sai ya ja wasalin, ya ce bawaa, ya kuma tambaya ko bawan wane ne. Bai ƙara harafi ba, bai rage ba, amma ya fitar da yaron daga cikin masu suna ya mayar da shi cikin kayan gida.

Sai kuma sunayen da suka yi karo da wata kalma bisa tsautsayi kawai. Safiya sunan Larabci ne, ba ruwansa da safiyar da ke bin asuba, kuma wasalin farko ma ya bambanta, amma sai an tambaye ta ina ta baro yamma. Rakiya sai an ce ta zo ta yi rakiya. Ya'u yana tsakanin yau da yawu. Zakari yana fama da zakara tun yana ƙarami, in ya shiga ajin fiƙihu kuma ya haɗu da wata kalmar da ba sai an ambata a nan ba. A zamaninmu na yara, lokacin da ake kiran kwabo goma sule, gadon sulen da aka daina kashewa bayan shigowar naira a 1973, kowane Sule ya sha tambayar ko shi nawa ne, ko za a sami canjinsa. Yau da kuɗin ya ɓace, tsokanar ta bi shi, Sule ya huta. Wannan ya nuna cewa haɗarin suna ba abu ne tsayayye ba. Turanci ma ya kawo nasa: Fati ta yi karo da kalmar da ke nufin mai ƙiba, Dije kuwa a 'yan shekarun nan ta zama mai saka kiɗa a wurin biki. Babu kakar da ta sa wa jikarta Dije da za ta iya hango wannan.

Masu nazarin al'adun yara a wasu ƙasashe sun ga irin wannan. Iona da Peter Opie, a littafinsu na 1959 a kan maganganun 'yan makaranta a Birtaniya, sun tattara laƙabobi da zambo iri iri da yara ke yi wa juna. Abin da ya bambanta shi ne yadda kowace al'umma ta shirya wa abin.

Sunan da ake ɓoyewa da sunan da ake kira

Bahaushen dauri ya shirya. Shirin nasa kuwa shi ne bai wa yaro suna fiye da ɗaya. Akwai sunan yanka, wanda uba ke zaɓa, a raɗa wa jariri a kunne, liman ya bayyana shi ranar bakwai bayan an yanka rago. Wannan suna kusan kullum na Annabawa ne ko sahabbai ko iyalan gidan Annabi, kuma yawancin lokaci an ɗauko shi ne daga wani babba a cikin dangi. To, a nan ne kunya take shigowa. Idan an mayar wa yaro sunan kakansa, uwarsa ba za ta iya kiran sunan surukinta ba, uban ma ba zai kama sunan mahaifinsa gatsal ba. Sai a koma kiransa Abba, ko Baffa, ko Babangida, mace kuma Uwani, ko Iya, ko Umma. Idan ɗan fari ne, uwa ba ta faɗin sunansa ko da na wane ne. Saboda haka sunan yanka yakan zauna a ajiye kamar rigar salla, ba a fito da shi sai ranar ɗaurin aure ko ranar da za a yi wa mutum addu'a.

Muna da kyakkyawar shaida a kan wannan daga ƙasar da muke magana a kanta. Tsohuwar nan da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954 da sunan Baba of Karo, a yankin Zarewa ta yi ƙuruciyarta, Zarewa kuwa tana cikin ƙaramar hukumar Rogo a yau. Littafin cike yake da bayanin kunyar ɗan fari da wasan kaka da jika. Har ma sunan da duniya ta san matar da shi, wato Baba, ba sunan yanka ba ne.

Sunan da ke shan rana da ƙura shi ne na biyu, wato laƙabi, kuma mata ne suka fi raɗa shi a cikin gida. Wani na ranar haihuwa ne: Ɗanladi da Ladi, Talatu, Bala da Larai, Ɗanlami da Lami, Ɗanjuma da Jummai, Ɗan'asabe da Asabe. Wani na matsayin yaro ne a ɗakinsu: Tanko namijin da ya biyo mata, Kande ko Delu macen da ta biyo maza, Gambo mai bin tagwaye, Auta na ƙarshe. Wani na lokaci ne ko halin da ake ciki: Nomau, Anaruwa, Sallau, Azumi, Maikasuwa, Audi wanda aka haifa bayan rasuwar ubansa, Talle wanda ya tashi ba uwa, Shekarau wanda aka ce ya daɗe a ciki, Cindo mai yatsa shida. Duk wanda ya iya karanta waɗannan sunaye, idan aka jera masa 'ya'yan gida, zai iya faɗin tarihin gidan ba tare da ya yi tambaya ba.

Abin lura kuma shi ne, tsokana ta farko ba a dandali yaro ke gamuwa da ita ba, a ɗakin kakarsa ne. Kaka ce ke kiran jikanta mijinta, ta ce rago ne ba ya kawo cefane, ta kira jikanyarta kishiya, ta laƙa mata sunan da ya dace da hancinta ko cikinta. Taubasai su ɗora nasu. Da yaro ya yi wayo kuma zai tarar cewa a matsayinsa na Bakano akwai wasa tsakaninsa da Bazazzagi, abin da mutanen Rogo suka sani sarai tun da kasuwanninsu a haɗe suke da na ƙasar Zazzau. Wato al'ada ta ware wuraren da aka halatta ba'a, ta kuma koya wa yaro ramawa. Wanda ya fito daga irin wannan gida, ba ƙirgen ɗaya, biyu, uku ne zai sa shi kuka ba.

Sunayen da aka munana da gangan

Akwai rukuni guda na sunaye da ya kamata a daɗe a kansa, domin shi ne ya fi nuna nisan da ke tsakanin tunanin da da na yanzu. Matar da 'ya'yanta ke mutuwa tun suna jarirai, wato mai wabi, idan ta sake haihuwa ba kyakkyawan suna ake nema wa jaririn ba. Mummuna ake nema. A al'adar dauri akan kai shi kan juji a ajiye, wata ta je ta ɗauko kamar ta tsinta, sai a kira shi Ajuji. Ko a yi kamar an sayar da shi, a kira shi Bawa. Ko a ce Ayashe, wato a yar da ita. Manufar ita ce a nuna wa duk abin da ke ɗauke 'ya'yan cewa wannan ba shi da wata daraja, ba a damu da shi ba, ya wuce ya bar shi. Wasu kuma maimakon rainin sai su yi roƙo a fili: Abarshi, Abarta, Barmani, Barau.

Ba Hausawa kaɗai ke da wannan ba. Yarbawa suna da sunayen àbíkú, irin su Malomo da Kokumo, masu roƙon yaro kada ya sake tafiya. Larabawan jahiliyya ma sukan sa wa 'ya'yansu maza sunaye masu kaushi irin su Harbu da Sakhru da Hanzala, wato yaƙi da dutse da wani ɗan itace mai ɗaci.

Uwar da ta binne 'ya'ya uku ko huɗu, idan aka ce mata za a yi wa Ajuji dariya a dandali, me za ta ce? Ai fatanta ke nan, ya rayu har ya kai shekarun da za a yi masa dariyar. A wurinta tsokana alama ce ta nasara. Kuma tarihi ya nuna cewa irin waɗannan sunaye ba su hana kowa zama wani abu ba. Bawa Jan Gwarzo ya mulki Gobir a ƙarni na 18, Muhammadu Korau ya mulki Katsina tun kafin nan da ƙarnuka, Sulaimanu Barau ya yi sarautar Abuja daga 1944 zuwa 1979. A zamanin siyasa ma an yi Balarabe Musa a Kaduna daga 1979 zuwa 1981, an yi Sabo Bakin Zuwo a Kano a 1983, an yi Ibrahim Shekarau daga 2003 zuwa 2011.

Malamai dai sun daɗe suna sukar wannan al'ada, kuma suna da hujja. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana jifan juna da miyagun laƙabobi. Ya kuma tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauya wa wasu mutane suna: ya mai da Barra ta zama Zainab, ya mai da wata mai suna da ke nufin mai saɓo ta zama Jamila. Wannan na biyun yana da ɗan darasi ga mai nazarin aron kalmomi, domin sunan da aka sauya da sunan matar Fir'auna, waɗanda haruffansu suka bambanta a Larabci, duka biyun Asiya suke fitowa a bakin Bahaushe. Ke nan kula da cewa suna kada ya zame wa yaro abin kunya ba baƙon abu ba ne, yana cikin haƙƙoƙin ɗa a kan mahaifinsa kamar yadda malamai ke karantarwa.

Rajista

Abin da ya rushe tsarin suna biyu shi ne rajistar makaranta. Kafin shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa da aka fara a watan Satumban 1976, yaran ƙauyukan Karaye da Rogo da ke shiga boko kaɗan ne. Bayan nan ne makarantu suka bazu. Ranar ɗaukar sababbin ɗalibai, ba uba ne kullum ke kai yaro ba. Wani lokaci wansa ne, ko maƙwabci, ko mai unguwa ya tattaro su. Hedimasta ya tambayi suna, a faɗi wanda aka saba kira a gida, ya rubuta. Daga ranar nan Tanko ya zama Tanko a takarda, Muhammadun da aka yanka wa rago ya ɓace. Laƙabin da a da yaro kan iya tuɓewa idan ya girma, ya zama malam wane ko alhaji wane, yanzu ya bi shi zuwa takardar jarrabawa, zuwa takardar ɗaukar aiki, zuwa fasfo.

A yau abin ya ƙara tsauri. Hukumar ƙidaya ta ƙasa ce ke ba da takardar haihuwa, akwai kuma lambar ɗan ƙasa, wadda hukumar JAMB ta wajabta wa masu neman shiga jami'a tun 2021. Wanda yake son sauya suna sai ya yi rantsuwa a kotu, ya buga sanarwa a jarida, ya bi ofisoshi ana daidaita takardu. Uban da ya sha wannan wahala, ko ya ga wani ya sha, dole ya yi dogon tunani kafin ranar suna. Wannan ɓangare na tsoron iyaye gaskiya ne, ba a raina shi.

Rajista ta kawo wani abu kuma wanda ba uban da ke da iko a kansa. Tun zamanin makarantun Turawa aka saba haɗa sunan ɗalibi da na garinsu, shi ya sa muke da Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Shehu Shagari. To, ɗan Gwarzo, maƙwabcinmu na arewa, ya yi sa'a, domin duk inda ya je gwarzo ne. Ɗan Rogo kuwa, ranar da ya sauka a makarantar kwana za a tambaye shi ko ɗanye ne ko dafaffe. Ɗan Karaye a ce masa tun bai fara ba ya zo a karaye. Ɗan Gwangwan a ƙara masa gaɓa ɗaya ya zama gwangwani. Ban taɓa jin wanda ya bar garinsu saboda wannan ba, kuma yawancinmu da muka sha wannan zolaya mun riƙe sunan garin da alfahari har yau. Ina ganin wannan ya isa ya sa mu yi shakkar cewa sauti kawai shi ne ke korar suna.

A wasu ƙasashe hukuma ce ke shiga tsakani. A Faransa, bisa dokar 1993, iyaye suna da 'yancin zaɓen suna, amma jami'in rajista yana iya kai maganar gaban shari'a idan ya ga sunan zai cuci yaro. A 2015 aka ba da labarin wata kotu a garin Valenciennes da ta hana a kira wata jaririya Nutella, sunan wani abin shafawa a burodi, bisa dalilin cewa za a riƙa yi mata ba'a. A nan ƙasar Hausa ba kotu ke wannan aiki ba. Liman ne, da kakanni, da kuma abin da mutane za su ce.

Abin da ake gudu

Idan da sauti ne abin gudu, da Dauda da Hudu da Zakari ne suka fara ɓacewa. Amma ba su ɓace ba, domin darajar masu asalin sunan ta rinjayi dariyar yara. Waɗanda ke ɓacewa su ne Tanko, Kande, Nomau, Jatau, Ladi, Talatu, Delu, alhali yawancinsu ba su yi karo da wata mummunar kalma ba. Me Kande ta yi? Ba a iya lanƙwasa wani harafi nata a sami zagi. Laifinta kawai shi ne ana jin ƙanshin ƙauye a jikinta.

Hujjar da ta fi ƙarfi tana cikin laƙabobin da ke bin sunayen yanka. Sunayen kansu ba su sauya ba, har yau ana yanka rago a kan Abubakar da Umar da A'isha da Fatima. Abin da ya sauya shi ne abin da ake kiran mai sunan. Abubakar da a da yake Garba ko Habu, yanzu Sadik ne. Umar ya bar Sanda ya koma Faruk. Aliyu ya bar Garga ya koma Haidar. A'isha ta bar Indo ta koma Humaira, Fatima ta bar Binta ta koma Zahra, Hauwa ta bar Kulu ta koma Jidda. Ibrahim kuwa, bayan da marigayi Rabilu Musa, wanda ya rasu a watan Disamban 2014, ya shahara da sunan Ibro a finafinan barkwanci, iyaye da yawa sun gwammace a kira nasu Halilu ko Khalil. Wato alkunya tana nan da ranta, ana dai sake mata tufafi ne, a tuɓe na Hausa a sa na Larabci.

Dalilan wannan suna da yawa. Makarantun Islamiyya sun yawaita, zuwa Makka ya yi sauƙi, an kuma sami masu karanta Larabci da dama. Amma a ganina littattafan soyayya da suka bunƙasa a Kano daga tsakiyar shekarun 1980, da finafinan Hausa da suka biyo baya daga 1990, sun taka rawar da ta fi ta kowa. A cikinsu an raba sunaye gida biyu. 'Yar attajiri mai mota tana da sunan zamani, 'yar aikinta da aka ɗauko daga ƙauye kuwa Ladi ce ko Talatu, maigadi kuma Tanko. Yaron da ya kalli wannan da daddare, da safe ya san abin da zai ce wa Talatun ajinsu.

Akwai kuma wani abu mai nauyi wanda ya shafi ƙasarmu musamman. Maguzawa da Hausawa Kirista na yankin sun fi riƙe tsofaffin sunaye, kuma sunayen rana sun yaɗu cikin ƙabilun Arewa da ba Hausawa ba. Janar Theophilus Ɗanjuma, alal misali, Bajukune ne daga Takum. Saboda haka yaro Musulmi mai suna Nomau ko Ɗanladi yakan ji an ce masa Bamaguje a filin makaranta, ana nufin zagi. Wannan tsokana ta cuci yara biyu a lokaci guda: wanda aka faɗa wa, da ɗan Maguzawan da ke tsaye a gefe yana jin an mai da asalinsa abin zagi. Malamin aji da ya kyale wannan ya wuce, ya kyale babban abu.

Abin mamaki shi ne sunayen da ake gudu zuwa gare su, da za a fassara su, da yawansu irin namu ne. Humaira ma'anarta 'yar ja, wato 'yar'uwar Jatau ce. Huraira 'yar kyanwa ce. Hansa'u mai gajeren hanci ce, Abbas mai ɗaure fuska, Rabi'atu ta huɗu, Laila kuwa dare. Balarabe ya dubi ɗansa ya faɗi abin da ya gani, kamar yadda kakanninmu suka yi. Bambancin kawai shi ne yaran dandali ba su jin Larabci, saboda haka ma'anar ta ɓuya. Sautin kuwa bai ɓuya ba, kuma sabon suna da kakar yaro ba ta iya furtawa yakan fito daga bakinta da wata siffa da ta fi Kande ban dariya, daga nan jikokin gida su ɗauka su kai makaranta.

Ba ina cewa a koma kai jarirai kan juji ba ne, kuma uban da ya ƙi sa wa 'yarsa Ayashe ya yi daidai. Amma Tanko da Gambo da Auta da Nomau ba zagi ba ne, bayani ne, kuma babu wani nassi da ya hana a kira yaro da ranar da aka haife shi. Ɗalibaina na jami'a da yawa, waɗanda Hausa ce harshensu na farko, ba su iya faɗin ma'anar Audi ko Talle sai sun duba ƙamusun Bargery na 1934. Aiki ne da ke jiran ɗaliban babban digiri su shiga garuruwa irin su Zarewa da Fulatan da Yammedi, su zauna da tsofaffin mata da ungozomomi da wanzamai, su kuma nemi izinin duba tsofaffin rajistocin makarantun firamare, a jera sunayen shekara bayan shekara a ga lokacin da kowanne ya fara ja da baya.

Wanda ya buɗe rajistar yau zai ga wani abu kuma. Tsarin takardun hukuma yana bukatar sunan uba ko na kaka a bayan na yaro. Saboda haka sunan da aka kora ta ƙofar gaba ya dawo ta baya, ya zauna a gurbin da ba a iya taɓawa. Malami yana kiran suna da safe, sai a ji Humaira Tanko, Sadik Nomau, Zahra Bawa, kowannensu ya amsa.